Garka a cikin tsohuwar tasa

Yara, akwai wata tambaya da nake yi a duk ajin da na shiga. Aikina shi ne zagaya makarantu. Nakan zauna a bayan aji in saurari malam yana koyarwa, in an tashi sai mu tattauna ni da shi a kan darasin. Amma kafin in fita nakan roƙi malam ya ba ni minti biyar tare da ɗalibai. Sai in ce: "Wa ya ci tuwo jiya da dare?" Hannuwa duka su tashi. In ce: "Hatsin daga ina ya fito?" A ƙauye su ce daga rumbu, a birni su ce daga kasuwa. Sai in sake tambaya: "To, miyar fa? Cikin kayan da aka yi ta da su, akwai wanda ya tsiro a gidanku?" A nan ne aji yakan yi tsit. Cikin yara hamsin, da wuya a samu biyar da za su ɗaga hannu.

Wannan shirun ne ya sa na rubuto muku. A ganina kowane ɗan makaranta, namiji ko mace, ya kamata ya mallaki shuka tasa ta kansa a gida, wadda za a tsinka a sa a miya. Ba sai yana da gona ba. Ba sai gidansu yana da rijiya ba. Tsohuwar tasa da ta ɓule ta isa a fara.

Me ya sa na damu da miya? Tuwo yana cika ciki, yana ba da ƙarfin aiki. Amma jiki yana bukatar wasu abubuwa da babu su da yawa a cikin gero da dawa da shinkafa. Akwai wanda likitoci suke kira bitamin A. Idan yaro ya rasa shi sai ido ya raunana, magariba na yi ya daina gani sosai. Wannan ciwon kun san sunansa, shi ne dundumi. Ana samun bitamin A a ganye mai kore sosai, kamar zogale da alayyaho, ana kuma samun sa a karoti da kabewa da mangwaro. Jiki ya fi karɓar sa in an haɗa ganyen da ɗan mai ko ƙuli-ƙuli, kamar yadda iyayenmu mata suke yi in suna kwaɗo. Akwai kuma sinadarin ƙarfe, wanda jini yake bukata. Nama da hanta sun fi ba da shi, amma ganye ma yana taimakawa, ga shi nama ba kullum ake samu ba. Yaron da jininsa ya yi ƙaranci yakan gaji da wuri. Yakan yi gyangyaɗi a aji tun kafin a fita hutun ƙarfe goma. Sau da yawa na ji malami ya kira irin wannan yaro malalaci. Nakan ja malamin gefe in ce masa ya fara bincika abin da yaron yake ci.

Ga kuma maganar kuɗi. Ku ɗauki alli mu yi lissafi. A ce inna tana sayen ganye da tumatir da albasa na dala 20 kowace rana, wato 100 F. A kwana 30 ta kashe dala 600, wato jika 3. A shekara, kwana 365, kuɗin sun kai jika 36 da rabi. Tasa ɗaya ba za ta ɗauke mata duk wannan ba. Amma in ta ɗauke mata cefanen ganye na kwana biyu a mako, ku lissafa da kanku ku ga littafin rubutu nawa da biro nawa za a saya da abin da ya rage.

Ni ban koyi wannan a littafi ba. A shekarar 1984 ruwa bai sauka yadda ya kamata ba a ƙasarmu Nijar. Gero ya bushe a gona tun bai yi kai ba, dabbobi suka mutu, mutane da yawa suka bar garuruwansu. Lokacin ina yaro, na girme ku kaɗan. A bayan ɗakin mahaifiyata akwai itacen zogale guda uku, da kabewa da ta hau kan rumfa. Ba wanda ya taɓa ɗaukar su a bakin komai. A wannan shekara su ne suka riƙe mu. Garin da ake samu kaɗan ne, sai ta dafa zogale mai yawa ta haɗa, abinci ya auku, kowa ya samu abin sawa a ciki. Maƙwabta sukan aiko yara a tsinkar musu. A shekarar ne shugaban ƙasa na lokacin, Seyni Kunce, ya yi kira ga jama'a su kama noman rani. Aka haƙa rijiyoyi a fadamu, aka raba iri. A garuruwa da dama tun daga lokacin ne salati da shu da karoti suka zama abincin kowa. An sake shiga wahalar abinci a 2005. Duk wanda ya ga waɗannan shekaru ba zai raina itacen zogale a tsakar gida ba.

"Mushe, ba mu da wuri"

Haka wani yaro ya ce mini a wata makaranta ta cikin birni. Ya ce gidansu na haya ne, iyali huɗu ne a ciki, tsakar gidan kuma siminti ne ko'ina. Gaskiya ya faɗa. Gidaje da yawa a Yamai da Maraɗi da Damagaram haka suke. Na tambaye shi: "A ina kuke ajiye tsohuwar robar wanki da ta fashe?" Ya ce tana nan a jikin bango. Na ce to, wurin da take zaune shi ne garkarka.

Shuka ba ta san ko a gona take ko a cikin tasa ba. Abin da take so shi ne ƙasa mai taki, da ruwa, da rana, da wurin da saiwarta za ta miƙe. Tsohuwar tasa, bokitin da ya tsage, bidon mai na girki da aka yanke masa kai, tulun da bakinsa ya fashe, babban gwangwanin tumatir, duk suna aiki. Abu na farko shi ne a huda gindin abin wuri huɗu ko biyar, don ruwan da ya yi yawa ya fita. In ba a huda ba saiwa takan ruɓe. A zuba tsakuwa kaɗan a ƙasa, sannan a cika da ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. In ƙasar wurinku yumɓu ce mai danƙo, a ƙara rairayi. Alayyaho da salati ba sa bukatar zurfi, santimita 20 ta ishe su, wato kamar taƙi ɗaya na babban mutum. Tumatir da kuɓewa suna son zurfin da ya kai santimita 30 ko fiye, don haka bido ya fi dacewa da su.

Buhu ya fi duka ban sha'awa, domin ana shuka a samansa, ana kuma shuka a jikinsa. A samu tsohon buhun shinkafa. A samu gwangwani a cire masa kai da gindi, a tsayar da shi a tsakiyar buhun daga ƙasa, a cika shi da tsakuwa. A zuba ƙasa mai taki a kewaye da shi. Sai a ja gwangwanin sama, tsakuwar ta zauna a wurinta, a sake cika shi, a sake zuba ƙasa. Haka za a yi ta yi har buhu ya cika. Yanzu akwai hanyar tsakuwa a tsakiya tun daga sama har ƙasa. In an zuba ruwa a kanta zai bi ya ratsa ko'ina. Sai babba ya taimaka a huda jikin buhun da wuƙa, a bar taƙi ɗaya tsakanin huda da huda, a dasa a kowace. Wurin da mutum ɗaya zai tsaya sai ya ɗauki shuka goma sha biyar ko fiye. A birnin Nairobi na ƙasar Kenya akwai wata unguwa mai suna Kibera, inda ɗakuna suke manne da juna, hanyoyi kuma ƙanana ne ƙwarai. Mata da yawa a can da irin wannan buhun suke noma ganyen miyarsu a ƙofar ɗaki. Rana takan cinye buhu bayan wasu watanni, sai a juye ƙasar a wani, a ƙara taki.

Wanda ba shi da faɗi yana da sama. Kabewa da gurji da wake suna hawa. A shuka su a gindin bango, a ɗaura musu igiya, su hau kan rumfa ko darni. Banda abinci, har inuwa suke bayarwa.

Garkar tasa ta fi ta ƙasa da abu ɗaya ga ƴan haya: ranar da aka tashi, ana ɗora ta a amalanke tare da sauran kaya. Amma kafin ka ajiye komai, ka nemi izinin baba da inna, su kuma su sanar da mai gida. Kada ka jingina buhu mai ruwa a jikin bangon laka, danshi yana cin gindin bango.

Ruwa

Wannan ita ce magana mai nauyi, ba zan raina ta ba. Na san gidajen da ake sayen kowane bido a wurin ɗan garuwa. Na san ƙauyukan da ƴan mata suke tafiya mai nisa kafin su kawo tulu ɗaya. Ba zan ce wa yaron irin wannan gida ya ɗebi ruwan sha ya zuba wa shuka ba. Wanda ya yi haka ya cancanci faɗa.

Amma ku lura da ruwan da ake zubarwa a gidanku daga asuba zuwa dare. A ce mutum 6 ne suke salla a gidan. Kowa yana alwala sau 5, alwala 30 ke nan. In kowace alwala ta zubar da rabin lita, an samu lita 15 a rana. Yanzu ina wannan ruwan yake zuwa? Yana bin rariya ya fita waje ya zama caɓi, sauro ya samu wurin haihuwa. In aka ajiye roba a wurin alwala aka tara shi, ya ishi tasa uku ko huɗu. Tsofaffi sun san wannan dabara. Shi ya sa a masallatai da yawa za ku ga itace ya yi kore shar a daidai wurin alwala. Akwai ruwan wankin shinkafa, da na wankin ganye, da ƙasari. Shi ƙasari, in kuna da awaki, ku bar musu, sun riga ku. Ruwan da ba na so ku zuba shi ne mai sabulun wanki da yawa ko mai jabel, da mai maiƙo, da ruwan bayan gida. Na farko yana ƙona shuka yana ɓata ƙasa, na ƙarshe yana kawo ciwon ciki. Ruwan da aka riga aka yi amfani da shi a gindin shuka ake zuba shi, kada ya taɓa ganyen da za a ci. Kada kuma a bar shi ya kwana biyu a buɗe saboda sauro.

Sai yadda za a sa ruwan ya daɗe. A yi ban ruwa da sassafe kafin a tafi makaranta, da kuma marece in rana ta yi sanyi. Wanda aka zuba da tsakar rana iska takan sha wani kashi daga cikinsa. A rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi, sai danshi ya zauna. Wanda yake da ɗan fili a ƙasa yana iya binne ƙaramin tulun laka har wuya, ya cika shi da ruwa, ya rufe bakin, ya shuka a kewaye. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin tulun a hankali, saiwa ta zo ta same shi. Ba sai kullum ake cika shi ba. Kafin ka zuba ruwa ka tura yatsa cikin ƙasa. In ka ji danshi ka bari sai anjima. Na ga shukar yara da yawa da yawan ruwa ya kashe.

Kowace shuka da lokacinta

Ana komawa makaranta a watan Oktoba, kuma wannan ya yi daidai, domin lokacin sanyi ne ya fi kyau da garka. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu salati da tumatir da karoti da shu suna jin daɗi. In bazara ta shigo, a Afrilu da Mayu, zafi yakan sa furen tumatir ya zube bai ɗaura ɗa ba, salati kuma ya yi tsawo ya yi ɗaci. Shi ya sa tumatir yake arha da sanyi, ya yi tsada da zafi. Kada ka shuka shi a lokacin ka ce ba ka da sa'a. Alayyaho da yakuwa da rama da kuɓewa su ne masu jure zafi, kuma suna yi da damina. Shuka tana son rana kamar awa shida a yini, amma da bazara a matsar da tasa inda inuwa za ta same ta bayan azahar.

Wanda bai taɓa shuka ba ya fara da alayyaho, don ba ya sa mutum dogon jira. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya shi da rairayi a barbaɗa, a rufe da ƙasa kaɗan. Cikin mako ɗaya ya tsiro, bayan wata ɗaya an fara yanka. Kada a tumɓuke shi. A yanke sama a bar gindin, zai sake toho. Albasar da ta fara tsiro a kwandon inna, wadda ake shirin zubarwa, a binne ta a gwangwani, za ta ba da lawashi. Reshen na'a-na'a da ya rage bayan an dafa shayi, in aka soke shi a ƙasa mai danshi, yakan kama. Kuɓewa a jiƙa irinta ya kwana a ruwa kafin a shuka, bayan wata biyu ta fara ƴaƴa, kuma sai an riƙa tsinka bayan kwana biyu-biyu, in ba haka ba ta yi tauri. Tumatir ana fara yafa shi a ƙaramin gwangwani, in ya yi mako uku ko huɗu a dasa shi da marece, a kafa masa sanda.

Zogale shi ne babba. Asalinsa daga ƙasar Indiya yake, amma ya zama ɗan gida a wurinmu, har ana nomansa gona-gona a jihar Maraɗi da bakin kogin Kwara kusa da Yamai. Ya fi son a shuka shi a ƙasa, ko a babban abu mai zurfi. Ana shuka irinsa, ana kuma dasa reshe. Yana da saurin girma, kuma ba ya son ruwa ya kwanta masa. Kuskuren da ake yi shi ne a bar shi ya miƙe kamar sanda har ganyen ya fi ƙarfin hannu. In ya kai mita ɗaya a yanke kansa, sai ya yi rassa a ƙasa, ganye ya yawaita. In ganyen ya yi yawa a shanya shi a inuwa, a ajiye don bazara. Rana tana rage masa amfani.

Kada ku ɗauka ni ban taɓa faɗuwa ba. Buhuna na farko, na kwashi kashin tumaki ɗanye daga turke na zuba da yawa, ina ganin gata na yi wa shukar. Kwana huɗu da dashe duk suka yi yaushi suka ƙone. Matata ta yi mini dariya, ta ce ga mai koya wa malamai, taki ya kayar da shi. Taki sai ya ruɓe. A tara shi a rami ko a gefe, a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa, har wata biyu ko uku. In ya yi baƙi, ya daina wari, ya daina zafi, to ya nuna. Ɓawon kayan miya da busasshen ganye da ɗan toka duk ana zuba su a ramin. Leda da batir da fasasshiyar kwalba ba sa shiga.

Na biyu ya yi kyau, har na fara kiran maƙwabta su gani. Ran nan aka bar ƙofa a buɗe, akuya ta shigo. Aikin wata ɗaya ta gama da shi kafin a idar da sallar la'asar. Tun daga ranar nake cewa shinge ake fara yi kafin shuka. Ƙaya tana hana akuya. Tsohon sange da ya yage, wanda aka daina kwana a ciki, yana hana kaji da ƙadangaru da tsuntsaye. Na ce wanda ya yage. Kada in ji wani ya cire sangen da yake kwana a ciki ya rufe salati, ya bar kansa ga sauro. Ana kuma iya ɗora tasa a kan bulo ko tsohon turmi, inda kaza ba za ta kai ba.

Ƙwari ma za su zo. Kowace safiya ka juya ganye ka duba bayansa. Tsutsa a cire ta da hannu. In ƙananan ƙwari sun yi yawa, a daka ƴaƴan dogon yaro cikin hannu ɗaya, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a yayyafa da marece. A bar kwana biyu ko uku kafin a tsinka, a kuma wanke. Maganin ƙwari na kanti kuwa, wanda ake fesawa a gona, ba na yara ba ne. Guba ne, kuma ba shi da wuri a tsakar gidan da ƙannenku suke rarrafe. Haka nan duk bidon da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko baƙin man mota a ciki, kada a shuka abinci a cikinsa ko an wanke shi. In za ka ɗaga tasa ka fara duba ƙarƙashinta, kunama tana son wuri mai sanyi. Ganyen da za a ci ɗanye, kamar salati, a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta.

Me ya sa na ce a gida?

Wani zai ce ai makarantu suna da garka. Wasu suna da ita, kuma ina yaba wa malaman da suke kula da ita. Lokacin da na fara koyarwa akwai darasin aikin hannu da ake kira APP, kuma garka tana cikinsa. Amma na ga abu biyu da suke kashe garkar makaranta. Na farko hutu. Yara su yi wahala tun Nuwamba, a tafi hutun mako biyu, a dawo a tarar komai ya bushe, don abin kowa ba shi da mai shi. Na biyu ya fi ɓata mini rai. Na taɓa isa wata makaranta na tarar da yara uku suna jan ruwa suna ban ruwa, sauran suna aji. Na tambaya, aka ce makara suka yi, horo ne ake musu. Na ce wa malamin: yau ka koya wa aji duka cewa ban ruwa aikin mai laifi ne. Ni ma na yi irin wannan kuskure ina sabon malami, shi ya sa nake gane shi da wuri. Garkar makaranta wurin koyo ce. Ta gida kuwa taka ce. In ta bushe ka san wanda ya bari, in ta yi kyau ka san wanda ya yi.

Akwai kuma masu cewa an sa yaro makaranta ne don ya huta da fartanya. Na sha jin wannan daga bakin iyaye, kuma na san daga ina take fitowa: sun sha wahalar noma, ba sa so ƴaƴansu su sha. Amma ku dubi Galmi, a jihar Tawa. Albasarta ta yi suna har ana kiran irin da sunan garin, manyan motoci suna ɗaukar ta zuwa Gana da Kodebuwa. Ku dubi tattasan Difa, da lemun Timiya a duwatsun Ayar. Manomin da ya iya karatu shi ne yake karanta abin da aka rubuta a jikin ledar iri. Shi ne yake lissafa abin da ya kashe da abin da ya samu, ba a cutar sa a awo. Karatu da noma ba kishiyoyi ba ne.

Tasarka ma aji ce. Ka rubuta ranar da ka shuka da ranar da ta tsiro, ka cire ka ga kwana nawa ne, ga lissafi. Kowace Juma'a ka auna tsawonta ka rubuta santimita nawa ta ƙara. Ka ajiye gwangwani ɗaya a rana, ɗaya a cikin ɗaki mai duhu, bayan kwana goma ka gwada su, za ka gane da idonka abin da malam yake nufi in ya ce shuka tana haɗa abincinta da hasken rana. Ka zana shukar, ka rubuta sunan kowane sashe da harshe biyu: iri, la graine, saiwa, la racine, ganye, la feuille, fure, la fleur. Kalmar da ka taɓa da hannunka ba ta saurin ɓacewa.

Ba zan ruɗe ku ba. Tasa ba ta cika rumbu. Ba za a samu tuwon shekara a cikin buhu ba, gero da dawa sai gona da damina. Wata rana ma shukar za ta mutu ba ka san dalili ba, sai ka sake. Amma Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ranar da baƙo ya sauka da dare, kasuwa ta tashi, ko ranar da babu ko dala a hannun inna, hannu biyu na alayyaho a bakin ƙofa ba ƙaramin abu ba ne.

Wata yarinya ƴar aji biyar ta nuna mini haka. Na yi musu wannan magana a watan Nuwamba. Da na koma makarantar a Fabrairu na ma manta, sai ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, ka sake yin tambayar nan ta miya." Na sake. Ta ce jiya dambu aka yi a gidansu, kuma lawashin da alayyahon da aka sa daga bidonta suka fito. Bido uku gare ta a bayan ɗakin girki, ƙanenta ne mai gadin kaji, ta yi masa alkawarin tumatir na farko. Kakarta, wadda da farko ta ce wasan banza ne, yanzu ita ce take tara mata ruwan alwala.

Wannan makon ku duba bayan ɗaki ku nemo abin da ya fashe. Ku roƙi inna albasa ɗaya da ta tsiro, ko ku roƙi mai garka na unguwarku irin alayyaho kaɗan, abin da yatsa uku za su ɗauka ya isa. Ku rubuta ranar a shafin ƙarshe na littafinku. In na zo ajinku zan tambaya kwana nawa ya yi kafin ya tsiro, da kuma wanda ya fara ci, ku ko akuya.